Daga Ƙafar Katako Zuwa Hannu Mai Jin Taɓi

Cikin shekarar 2000 masana tarihi suka ba da labarin wata gawa da aka tono a wani tsohon kabari kusa da birnin Luksor na ƙasar Masar. Gawar wata mace ce, irin waɗanda mutanen zamanin Fir'auna kan shafe da magunguna su naɗe da ƙyalle don kada su ruɓe. Abin da ya ja hankalin masanan shi ne ƙafarta ta dama, domin babban yatsanta na katako ne, an sassaƙa shi har da siffar farce, an haɗa shi da fata an ɗaure a ƙafar. An ƙiyasta cewa matar ta rayu tsakanin shekara ta 950 da ta 710 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ana iya zaton masu shirya gawa ne suka sa mata shi don a binne ta da cikakkiyar halitta, amma katakon ya nuna gogewa irin ta abin da aka daɗe ana mora. Cikin 2012 kuma Jami'ar Manchester ta Ingila ta bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da kwatankwacinsa a ƙafafun mutum biyu da suka rasa wannan yatsa, aka ga lalle yana taimakon tafiya.

Wannan ɗan katako yana cikin mafi tsufan gaɓoɓin ƙira da aka sani a duniya, watau abin da Hausawa ke kira ƙafar roba ko hannun roba. Daga gare shi zuwa hannun zamani mai motsi da batir kusan shekara 3,000 ke nan, kuma cikin dukan wannan lokaci matsala guda ce ke gaban masu wannan sana'a, ita ce yadda za a sa abin da aka ƙera ya bi nufin mai shi. Sassaƙa abu mai kama da hannu ba shi da wuya ga gwanin masassaƙi. Sa shi ya damƙe a daidai lokacin da mutum ya yi niyyar damƙa, wannan shi ne aikin da ya ci ƙarnuka.

Zamanin katako da ƙarfe

Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ba da labarin wani ɗan duba mai suna Hegesistratus, wanda mutanen Sparta suka kama suka sa a turu za su kashe shi. Da ya ga ba makawa sai ya yanke ƙafar tasa ya zare ta ya gudu, daga baya ya yi ta katako. A birnin Capua na Italiya an tono wata ƙafa ta katako da aka lulluɓe da tagulla, ta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. An ajiye ta a Landan har zuwa 1941, lokacin da bama-baman jiragen Jamus suka hallaka ta. Rumawa kuma sun rubuta labarin wani jarumi nasu, Marcus Sergius, wanda ya rasa hannunsa na dama a yaƙi, ya sa aka ƙera masa na ƙarfe, ya ɗaura ya koma fagen fama.

A tarihin Musulunci ma maganar tsohuwa ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya yi hanci na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarce shi da ya yi na zinariya. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan hadisi wajen halatta wa namiji zinariya in lalura ta kama, kamar ɗaure haƙori da ita. Har wa yau Ibn Khallikan ya faɗi cewa babban malamin nan Zamakhshari, mai tafsirin Kashshaf, wanda ya rasu cikin 1144, da ƙafar katako yake tafiya, domin tsananin sanyi ya cinye masa ƙafa a wata tafiya. Ya kan riƙe takarda mai ɗauke da sa hannun shaidu game da yadda abin ya auku, gudun kada a zaci a kan wani laifi aka yanke ta. Wannan takarda ta nuna cewa tun da daɗewa wanda ya rasa gaɓa yana fama da idon jama'a kamar yadda yake fama da rashin gaɓar.

A Turai, mafi shahara cikin masu hannun ƙarfe shi ne wani barde Bajamushe, Götz von Berlichingen. Harsashin igwa ya raba shi da hannun dama a yaƙin Landshut cikin 1504. Maƙera suka yi masa hannu mai yatsu da ke lanƙwasawa. Da hannun hagu yake tanƙwara yatsun a kan linzami ko takobi, su kulle kansu, in ya gama ya danna wani maɓalli su buɗe. Ya ci gaba da yaƙi shekaru da dama, ya mutu cikin 1562 yana da shekara fiye da 80. Amma fa hannun nan ba ya yin kome da kansa, sai abin da ɗan'uwansa na hagu ya sa shi. Kuma sai mai hali ke samun irinsa. Talaka, in ya tsira da rai, rabonsa sanda ne ko guntun itace a ɗaure a gwiwa.

Tsira da ran ma a lokacin ba abu ne mai sauƙi ba, domin in an yanke gaɓa lalas ake yi wa wurin da jan ƙarfe don a tsai da jini. Wanda ya sauya wannan a Turai wani wanzami ne Bafaranshe, Ambroise Paré, wanda ya bi rundunonin Faransa yana yi wa sojoji magani, har ya zama likitan sarakuna huɗu kafin mutuwarsa cikin 1590. Shi ya yaɗa ɗaure jijiyoyin jini da zare a maimakon lalas, dabarar da Zahrawi, likitan Andalus, ya riga ya bayyana shekara 500 kafinsa. Sa'an nan Paré ya haɗa kai da wani maƙerin makullai na birnin Paris, suka yi hannu mai sifirin da ƙafa mai gwiwa da ke kullewa in an tsaya, a kuma sake ta in za a zauna.

Abin da yaƙe-yaƙe suka haifar

Cikin 1815, a yaƙin Waterloo, wani babban hafsan Ingila wanda daga baya aka naɗa sarautar Anglesey ya rasa ƙafarsa. Ƙafar da ya riƙa sawa, ƙirar James Potts na Landan, tana da tsirkiya da ta haɗa gwiwa da idon sawu, ta yadda in gwiwa ta lanƙwashe sai kan ƙafar ya ɗaga kada ya yi tuntuɓe. Daga nan abubuwa biyu suka sauya aikin fiɗa ɗungum. Cikin 1846 aka nuna amfanin maganin sa barci a birnin Boston na Amurka, cikin 1867 kuma Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin rauni. Da can gwanintar likita ita ce sauri, don kada zafi ya kashe majiyyaci. Yanzu ya sami sukunin gyara dungun a tsanake, yadda zai zauna daidai cikin kwasfar da za a sa shi.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya jawo yanke gaɓoɓi kimanin 60,000. Cikin na farkon waɗanda abin ya shafa akwai wani saurayi ɗan shekara 18, James Hanger, ɗalibin aikin injiniya. Da ya koma gida ya kulle kansa a ɗaki, danginsa suna zaton baƙin ciki ne, ashe ƙafa yake harhaɗawa da katakon ganga. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau. Gwamnatin Arewa ta ware wa kowane soja dala 75 don ƙafa, dala 50 don hannu, a Kudu kuwa jihar Mississippi ta kashe ɗaya bisa biyar na kuɗinta na shekarar 1866 a kan gaɓoɓin tsoffin sojojinta. Tun daga nan sana'ar ta fara zama ta masana'anta.

Cikin 1912 wani Ba'amurke, David Dorrance, wanda injin yanka katako ya cire wa hannu, ya ƙera ƙugiya mai baki biyu kamar awartaki. Ana haɗa ta da waya zuwa ɗamarar da ta zagaya ɗaya kafaɗar, in mutum ya motsa kafaɗa sai bakin ya buɗe. A nan umarni ya matso kusa, domin ba sai an sa ɗaya hannun ba. Yaƙin Duniya na Farko ya zo da buƙatar da ba a taɓa gani ba. Sojojin Birtaniya fiye da 41,000 suka rasa gaɓoɓi, aka buɗe musu asibiti na musamman a Roehampton cikin 1915. A Jamus, Otto Bock ya lura cewa masassaƙa ba za su iya yi wa kowa tasa daga farko har ƙarshe ba, saboda haka cikin 1919 ya fara yin gwiwoyi da tafukan ƙafa da yawa a masana'anta, a bar wa mai sana'a aikin kwasfa kaɗai, wadda dole a auna ta da jikin mai ita.

Shigowar lantarki

Duk sa'ad da tsoka ta motsa, takan fid da wata 'yar wutar lantarki ƙanƙanuwa da ake iya aunawa a kan fata. Wanda aka yanke wa hannu kuwa sauran tsokokin damtsensa suna nan, kuma suna motsawa in ya yi niyyar damƙa. Wani ɗalibi a birnin Munich, Reinhold Reiter, ya bayyana cikin 1948 yadda za a kama wannan wuta a ƙara mata ƙarfi ta juya inji, amma na'urarsa ta yi girman da ba a yawo da ita. Wajen 1960 masana a Mosko, a ƙarƙashin Alexander Kobrinski, suka yi hannun farko irin wannan da mutum zai iya ɗaurawa ya fita. A daidai wannan lokaci wani magani mai suna thalidomide, wanda aka riƙa ba mata masu ciki daga 1957 zuwa 1961, ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa, da yawansu da guntayen hannuwa ko ƙafafu. Wannan masifa ta sa ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya da Kanada suka zuba kuɗi a bincike. Kalmar nan bayonik, wadda ake kiran irin waɗannan gaɓoɓi da ita, wani likitan sojan sama na Amurka, Jack Steele, ya ƙirƙiro ta cikin 1958.

Amma wani ci gaban da ya fi taɓa rayuwar talakawa ba shi da batir ko ɗaya. A birnin Jaipur na Indiya, likitan ƙashi P. K. Sethi ya lura cewa mutanen karkara sukan jefar da ƙafafun da aka ba su, su koma ga sanda. Dalili kuwa shi ne ƙafar Turawa an yi ta ne don mai sa takalmi, mai zama a kujera, mai tafiya a kan daɓe. Shi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka fito cikin 1968 da ƙafa ta katako da roba irin ta taya, wadda ake tafiya da ita ba takalmi, a shiga laka da ruwa, a tsuguna, a tanƙwashe ƙafa a tabarma, a durƙusa. Kuɗinta 'yan gomiyoyin daloli ne. Daga 1975 wata ƙungiyar agaji ta birnin ta shiga raba ta kyauta, har ta kai ƙasashen Asiya da Afirka da dama. Kazalika cikin 1979 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fara aikin sa gaɓoɓi a Habasha, daga bisani ta yaɗa wata fasaha ta roba mai araha a ƙasashen da yaƙi da nakiyoyi suka ɗaiɗaita, kamar Afghanistan da Angola da Kambodiya.

Ƙashi, jijiya da ƙwaƙwalwa

Babban abin da ke damun mai ƙafar roba shi ne kwasfa, domin tana sa gumi, tana goge fata har ta yi gyambo. Cikin 1952 wani masani ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ƙarfen titaniyam a ƙashin zomo don wani bincike dabam, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya manne da shi. Da haka aka fara dasa haƙora cikin 1965, cikin 1990 kuma ɗansa Rickard ya fara dasa irin wannan ƙarfe a ƙashin cinya a birnin Gothenburg, a ɗaura ƙafa a kansa kai tsaye. Cikin 1997 kamfanin Otto Bock ya fito da gwiwa mai 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke auna takun mutum sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta sassauta ko ta ƙage don kada ya faɗi. Cikin 2007 wani kamfani na Scotland ya fara sayar da hannu wanda kowane yatsa ke da nasa inji.

Wanda aka yanke wa hannu tun daga kafaɗa ba shi da sauran tsokar da za a saurara. Likita Todd Kuiken na Chicago ya warware wannan cikin 2002, a jikin wani ma'aikacin lantarki da wuta ta ƙone wa hannu biyu. Ya ɗauki jijiyoyin da a da ke kai saƙo zuwa hannu ya dasa su a tsokar ƙirji. Bayan 'yan watanni, in mutumin ya yi niyyar damƙa sai tsokar ƙirjin ta motsa, na'ura ta ji, hannun ƙarfe ya damƙe. Cikin 2012 masu bincike a Amurka suka bayyana yadda wata mata da ta yi kusan shekara 15 a shanye ta sha kofi da hannun inji, ta hanyar wata 'yar na'ura mai tsinke 96 da aka dasa mata a ƙwaƙwalwa.

Saura kuma saƙon da ke komawa, watau jin taɓi, wanda in babu shi dole mutum ya zuba wa hannunsa ido don kada ya fasa ƙwai ko ya saki kofi. Cikin 2013 likitoci a birnin Rum, tare da masana na Suwizalan, suka haɗa wayoyi da jijiyoyin damtsen wani mutumin Denmark. Aka rufe masa ido, ya iya bambanta abu mai tauri da mai laushi, da mai kewaye da mai kusurwa. Bayan wata guda aka cire wayoyin, domin gwaji ne. A fannin ƙafa kuwa, Hugh Herr, wanda sanyi ya cinye wa ƙafafu biyu a kan wani dutse cikin 1982 yana ɗan shekara 17, ya zama shehun malami a cibiyar fasaha ta Massachusetts. Shi da likitocin Boston sun sake tsarin yankan kansa. Tsokoki biyu-biyu suke aiki, in ɗaya ta ɗaure ɗaya ta saki, kuma da haka ƙwaƙwalwa ke sanin inda ƙafa take. Yankan da aka saba yakan raba su, sabon kuwa yakan sake haɗa su a cikin dungu. Cikin 2024 suka ba da sakamako cewa mutum bakwai da aka yi wa wannan aiki sun fi waɗansu bakwai da aka yi wa tsohon saurin tafiya da kashi 41 cikin 100, kuma suna hawa bene da gangara ba tare da wahala ba.

Daga gyara zuwa ƙari

Da ci gaba ya kai nan sai wata tambaya ta taso, ko gaɓar ƙira za ta iya wuce ta halitta. A filin wasa aka fara gardamar. Markus Rehm na Jamus, mai tsalle da ƙafa mai lanƙwasa kamar baka, ya zama zakaran dogon tsalle na ƙasarsa cikin 2014 a gaban masu ƙafa biyu. Hukumar wasannin ta duniya ta ce sai ya tabbatar ƙafar ba ta ba shi fifiko ba kafin ya shiga gasar Olamfik ta 2016. Bincike ya nuna tana rage masa gudu amma tana taimakonsa wajen tashi, aka kasa yanke hukunci, bai shiga ba. Cikin 2023 ya yi tsallen mita 8.72, alhali wanda ya ci zinariya a birnin Paris cikin 2024 mita 8.48 ya yi.

Waɗansu masana sun fara gwada ƙarin gaɓa ga masu cikakkiyar halitta. A Landan, cikin 2021, aka ba mutum 20 wani babban yatsa na ƙari da ake ɗaurawa a gefen tafin hannu, ana sarrafa shi da yatsun ƙafa. Cikin kwana biyar sun iya aiki da shi, amma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna cewa yadda take bambanta yatsunsu na asali ya ɗan sauya. Cikin Janairun 2024 kuma kamfanin Neuralink ya dasa na'urarsa ta farko a ƙwaƙwalwar wani shanyayye, wanda ya iya sarrafa kwamfuta da tunani.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Har yanzu babu hannun ƙira da ya kai na halitta sauƙin nauyi da gwaninta, kuma wani nazari na 2007 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na manya da aka ba hannun roba sukan ajiye shi su daina sawa. A gasar da aka shirya a birnin Zurich cikin 2016 don gwada sababbin na'urori, wanda ya ci fannin hannu da mai waya da ɗamara ya ci, jikan ƙirar 1912. Akwai kuma hatsarin dogara ga kamfani. Makafi fiye da 350 aka dasa wa na'urar gani ta kamfanin Second Sight, cikin 2019 kamfanin ya daina yin ta, cikin 2020 ya kusa rushewa, aka bar mutane da abu a cikin ido ba tabbacin mai gyara.

Mafi girman matsala ita ce ta kuɗi. Hannun zamani yakan ci dubun-dubatar daloli, ga batir da gyara. Cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 ne ke buƙatar gaɓar ƙira ko abin tallafa gaɓa, kuma ɗaya cikin goma ne kaɗai ke samu. Galibinsu ba sojoji ba ne da gwamnati za ta biya musu. A ƙasashe masu arziki ciwon suga da toshewar jijiyoyin jini ne kan gaba wajen jawo yanke ƙafa. A Afirka ta Yamma, ban da ciwon suga da ke ƙaruwa, akwai hatsarin mota da babur, da saran maciji, da ɗorin da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu gaɓa ta ruɓe, abin da ya fi aukuwa ga yara. A yankin Tafkin Chadi da Sudan ga harsashi da nakiya. Red Cross ta fara aiki da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano cikin 2016, cikin 2020 kuma aka buɗe cibiyar sa gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, amma irin waɗannan wurare kaɗan ne in aka dubi yawan mabuƙata da nisan garuruwansu.

Gaɓar ƙira kuwa ba a yin ta sau ɗaya a huta. Ta babba takan lalace cikin 'yan shekaru, yaro mai girma kuma yana buƙatar sabuwar kwasfa kusan kowace shekara. Saboda haka abin da zai yanke makomar mafi yawan mutane shi ne ko akwai horarren ma'aikaci kusa da su, ko akwai kayan gyara, ko kuma hukuma za ta sa kuɗin cikin tsarin kiwon lafiya kamar yadda Amurka da Birtaniya suka yi wa sojojinsu bayan yaƙi. Masu bincike suna sa ran cewa nan gaba hannu mai jin taɓi zai fita daga ɗakin gwaji ya shiga asibitoci. Labarin Jaipur ya nuna cewa likita da mai sana'ar hannu, in sun dubi yadda jama'arsu ke zama da noma da ibada, suna iya yin abin da zai kai ga mutane masu ɗimbin yawa tun kafin wannan rana ta zo.